Karatu a Gida ko a Ƙetare: Makomar Ɗalibin Indiya Wajen Samun Aiki

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar aji 12 ya fito a ƙasar Indiya, watau ajin ƙarshe na sakandare, sai dubban gidaje su shiga shawara iri ɗaya. Shin yaro ya nemi gurbi a wata jami'a ta gida ne, ko kuwa a tattara abin da aka mallaka a tura shi Amurka, ko Ingila, ko Kanada, ko Ostareliya? Abin da iyaye suka fi sa wa ido a wannan shawara shi ne aikin da zai biyo bayan digirin, domin sau da yawa gona ce ko gida ake jinginarwa kafin yaro ya hau jirgi. A 2024 Ma'aikatar Harkokin Waje ta Indiya ta shaida wa Majalisar Dokoki cewa ɗaliban ƙasar da ke karatu a ƙetare sun kai kimanin miliyan 1.3. A gida kuwa, ƙidayar gwamnati ta shekarar karatu ta 2021/22 ta nuna akwai ɗalibai fiye da miliyan 43 a jami'o'i sama da 1,100 da kwalejoji sama da 45,000.

Manufar wannan maƙala ita ce ta kwatanta waɗannan tafarkai biyu ta fuskar samun aiki, musamman ga mai neman digiri na farko. Za a ga cewa kowane tafarki yana da ƙofar da take tsare shi. A gida, sunan makarantar da ɗalibi ya samu shiga shi ke yanke masa rabo. A ƙetare kuwa, dokar zama da aiki ta ƙasar da ya sauka ita ke yanke masa, kuma doka ce wadda ba shi da ta cewa a cikinta.

Asalin al'amarin

Darajar da Indiyawa ke bai wa karatun ƙetare ta samo asali ne tun zamanin mulkin Ingilishi. Ko da yake an kafa jami'o'in Kalkata da Bombai da Madaras tun a 1857, jarrabawar shiga sahun manyan ma'aikatan mulki, watau masu irin matsayin Di'o da Razdan, a Landan kaɗai ake yin ta har zuwa 1922. Duk Ba'indiyen da ke son wannan matsayi tilas ne ya ƙetare teku. Haka nan lauyan da ya yi karatu a Ingila ya fi na gida ƙima a idon jama'a. Jawaharlal Nehru, Firayim Ministan farko, a makarantar Harrow da Jami'ar Kambirij ya yi karatu. Amma ko a wancan zamani takardar Landan ba ta lamunce wa kowa abinci ba. Gandhi ya tafi Landan a 1888, ya zama lauya a 1891, ya komo gida ya kasa kafa kansa a kotunan Bombai, har sai da ya karɓi wani aiki a Afirka ta Kudu a 1893.

Bayan samun mulkin kai a 1947, gwamnatin Nehru ta ƙudura gina makarantun da za su wadatar da ƙasa da injiniyoyi. Daga nan aka samu Cibiyoyin Fasaha na Indiya, waɗanda aka fi sani da IIT. Ta farko ta buɗe a Kharagpur a 1951, sai ta Bombai a 1958 da taimakon Tarayyar Sobiyat, ta Madaras a 1959 da taimakon Jamus ta Yamma, ta Kanpur ita ma a 1959 wadda jami'o'in Amurka suka tallafa wa, sa'an nan ta Delhi a 1961 da taimakon Birtaniya. Sai dai masana'antun ƙasar ba su iya ɗauke duk waɗanda aka horar ba. Da Amurka ta sauya dokar shige da fice a 1965, ta daina fifita 'yan Turai, sai injiniyoyi da likitocin Indiya suka yi ta kwarara can. Wasu masu digirin kuma suka nufi ƙasashen Larabawa da Afirka. Malaman kimiyya da lissafi Indiyawa da suka cika makarantun sakandare na Arewacin Nijeriya daga shekarun 1960 zuwa na 1980 suna daga cikin waɗannan, kuma akasarinsu a jami'o'in ƙasarsu suka yi karatu. Wannan ya nuna tun da wuri cewa digirin gida yana iya kai mutum aiki a ƙetare.

Al'amura sun sake sauyawa a 1991, lokacin da Manmohan Singh, yana Ministan Kuɗi, ya sassauta dokokin ciniki da na zuba jari. Kamfanonin manhajar kwamfuta suka bunƙasa a Bangalor da Haidarabad da Pune, masu matsakaicin hali suka ƙaru, bankuna kuma suka fara bayar da rancen karatu. Karatun ƙetare, wanda a da sai ɗan sarki ko ɗan attajiri ko wanda ya samu sukolashif, ya zama abin da ɗan manomi mai 'yar gona zai iya hange.

Ƙofar gida

Makarantun Indiya hawa-hawa ne, kuma tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa tana da faɗi ƙwarai. A ƙololuwa akwai cibiyoyin IIT, waɗanda yanzu sun kai 23, da wasu tsirarun cibiyoyin fasaha na tarayya, da fitattun kwalejojin Jami'ar Delhi, da manyan makarantun likitanci na gwamnati. Shiga waɗannan sai an sha wuya. Fiye da mutum miliyan ɗaya ke zaunawa matakin farko na jarrabawar shiga karatun injiniya a kowace shekara, alhali gurabun IIT duka ba su wuce kimanin 18,000 ba. Watau cikin mutum ɗari, ko biyu ba sa samu. Saboda haka ne garin Kota na jihar Rajasthan ya zama matattarar makarantun share fage, inda yara kan shafe shekara biyu ko uku ba abin da suke yi sai bitar tambayoyi. Tsananin wannan gasa ya kai har ɗalibai fiye da 20 suka hallaka kansu a garin a 2023.

Wanda ya tsallake wannan siratsi ya samu karatu mai araha idan an gwada da na waje. Tun 2016 kuɗin makaranta a IIT rupi 200,000 ne a shekara, kuma ana yafe shi baki ɗaya ga 'ya'yan matalauta da na al'ummomin da aka danne a da, waɗanda doka ta keɓe wa wani kaso na gurabu. Sauran jama'a kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, sai su bazu a dubban kwalejoji masu zaman kansu da na jihohi. A cikinsu akwai nagari, akwai kuma waɗanda ba su da ƙwararrun malamai ko kayan aiki. An buɗe kwalejojin injiniya barkatai har ta kai a wajajen 2017 kusan rabin kujerunsu babu ɗalibai, da dama kuma aka rufe su.

Yadda ake samun aiki a gida

Babban abin da ya bambanta Indiya da wurare da yawa shi ne al'adar ɗaukar ma'aikata tun daga cikin makaranta. Kowace kwaleji mai suna tana da ofishin da ke gayyato kamfanoni a shekarar ƙarshe ta ɗalibai. Wakilan kamfani su zo, su yi jarrabawa, su gana da ɗalibai, su ba waɗanda suka zaɓa takardar aiki tun kafin a kammala. A tsofaffin cibiyoyin IIT, ranar 1 ga Disamba ake buɗe wannan kasuwa, kuma manyan kamfanonin duniya ke fara zaɓa. Jaridu kan cika da labarin 'yan ƙalilan da aka yi wa tayin albashin miliyoyin rupi, amma waɗannan ba su ne ma'aunin sauran ba.

A ƙananan kwalejoji, masu ɗaukar jama'a da yawa su ne kamfanonin hidimar kwamfuta irin su TCS da Infosys da Wipro. TCS kaɗai yana da ma'aikata kimanin 600,000. Waɗannan kamfanoni sun fitar da iyalai masu yawa daga talauci, amma albashin da suke fara biyan sabon injiniya, kimanin rupi 350,000 a shekara, ya fi shekara goma bai motsa sosai ba, alhali farashin kaya bai tsaya ba. Daɗin daɗawa, ita kanta wannan rijiya ta fara ja baya. A shekarar kuɗi ta 2023/24 yawan ma'aikatan kamfanonin nan uku ya ragu da fiye da 60,000, kuma a Yuli 2025 TCS ya ba da sanarwar rage kimanin mutum 12,000.

Hoton ƙasa baki ɗaya ya fi wannan nauyi. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 kashi 29 cikin ɗari na matasan Indiya masu digiri ba su da aiki, alhali a cikin matasan da ba su iya karatu da rubutu ba kashi 3 da ɗoriya ne kawai. Dalili kuwa a fili yake: wanda bai yi karatu ba duk aikin da ya samu kamawa yake yi, mai digiri kuwa jiran aikin ofis yake, ofisoshin kuma ba su yalwata gwargwadon yawan masu digiri ba. Aikin gwamnati, wanda iyaye suka fi ƙauna saboda tabbas da fansho, shi ma ƙofarsa ƙunci gare ta. Kimanin mutum miliyan ɗaya ke neman jarrabawar manyan ma'aikatan tarayya a shekara, a ƙarshe a ɗauki wajen dubu ɗaya.

Duk da haka akwai wata kafa da ta buɗe. Kamfanonin Amurka da na Turai sun kafa cibiyoyinsu fiye da 1,600 a biranen Indiya, inda ake yi musu aikin lissafin kuɗi da bincike da tsara manhaja. Bankuna irin su JPMorgan da Goldman Sachs suna da dubban ma'aikata a Bangalor da Mumbai da Haidarabad. Ke nan wani ɓangare na aikin da a da sai an tafi Amurka ake samu, yanzu ya tako da ƙafarsa ya iske ɗalibi a gida.

Kuɗin karatu a ƙetare

Ba a musun cewa karatun ƙetare yana da fa'ida. Ɗalibin da jarrabawar kwana ɗaya ta hana shiga IIT yana iya samun jami'a mai kyau a waje, inda ake duba sakamakonsa na shekaru da dama. Yana da 'yancin zaɓen fannoni da sauya su, yana samun ɗakunan gwaji na zamani, yana kuma iya yin horon sanin makamar aiki a kamfanonin ƙasar tun yana ɗalibi. Uwa uba, albashin injiniya a Amurka ya ninka na takwaransa na Indiya sau da yawa.

Amma kafin a kai ga albashi sai an biya kuɗi. A Amurka, baƙon ɗalibi mai digiri na farko kan kashe tsakanin dala 40,000 da 80,000 a shekara, in an haɗa kuɗin makaranta da masauki da ci da sha. A ɗauka, alal misali, dala 50,000 ce a shekara. Shekara huɗu ta zama dala 200,000 ke nan, watau rupi miliyan 17 bisa canjin rupi 85 a kan dala ɗaya, wanda shi ne kimanin canjin tsakiyar 2025. Wanda ya ci wannan bashi, in ƙaddara ta komo da shi gida ya fara da albashin rupi 350,000, sai ya yi kusan shekara 50 yana zuba albashinsa duka kafin ya biya uwar kuɗin, ban da ruwa. Ashe bashin da aka ci da dala, da albashin dala ake biyan sa. Faɗuwar darajar rupi tana ƙara wa al'amarin nauyi, domin a 2010 rupi 45 ko 46 ke sayen dala ɗaya, amma a 2022 sai da ta haura 80.

Dokar zama da aiki

Tun da biyan bashi ya rataya ne ga samun aiki a can, tambaya ta gaba ita ce ko za a bar ɗalibi ya zauna. A Amurka, wanda ya gama digiri ana ba shi izinin aiki na wata 12, in kuma fannin kimiyya ko fasaha ko injiniya ko lissafi ya karanta a ƙara masa wata 24. Kafin wa'adin ya cika dole wani kamfani ya nema masa bizar ƙwararru, wadda ake kira H-1B. Sababbin bizar nan 85,000 kawai ake bai wa kamfanoni a shekara, buƙatun da aka shigar kuwa sun haura 700,000 a 2023, sun haura 400,000 a 2024, shi ya sa da ƙuri'a ake zaɓa. A nan akwai abin lura ga mai digiri na farko: 20,000 daga cikin bizar an keɓe su ne ga masu digiri na biyu ko na uku daga jami'o'in Amurka, shi ba ya cikinsu. Indiyawa ke samun kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan biza, amma samunta ba ƙarshen damuwa ba ne. Wanda aka sallama daga aiki kwana 60 ake ba shi ya samu wani ko ya fita, kamar yadda ya faru ga da yawa lokacin da kamfanonin fasaha suka rage ma'aikata a 2022 da 2023. Takardar zama na dindindin kuma doka ta ƙayyade wa 'yan kowace ƙasa kashi 7 cikin ɗari, komai yawan jama'arta, abin da ya sa layin Indiyawa ya kai na shekaru gommai. A Satumba 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta ɗora kuɗi dala 100,000 a kan wasu sababbin takardun neman wannan biza, wanda ya ƙara nuna yadda sa hannun mutum ɗaya ke iya rushe lissafin iyali guda.

A Birtaniya dokar ta yi ta kai da kawowa. An soke izinin aiki bayan karatu a 2012, ɗaliban Indiya suka ragu ainun. Aka maido shi a Yuli 2021 na shekara biyu, suka sake tururuwa. A Mayu 2025 gwamnati ta ba da sanarwar rage shi zuwa wata 18. Mafi ƙarancin albashin da ake buƙata kafin a ba baƙo bizar ƙwararren ma'aikaci ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilu 2024, ya kai 41,700 a Yuli 2025, ko da yake ana yi wa sababbin masu digiri rangwame. Ɗalibin da ya shiga jami'a da wata doka yana iya fitowa ya tarar da wata.

Kanada ce ta fi jan waɗanda suka fito daga sakandare kai tsaye, musamman 'yan jihar Panjab. A alƙaluman 2024 ita ce kan gaba, da ɗaliban Indiya fiye da 400,000. Da yawansu difloma ta shekara biyu suka je yi a ƙananan kwalejoji, ba don darajar takardar ba sai don izinin aikin da ke biye da ita, da fatan samun zama na dindindin. Dillalai suka cika garuruwan Panjab suna sayar da wannan fata. A 2023 ɗaruruwan ɗalibai suka fuskanci kora bayan an gano cewa takardun shiga makaranta da wani dillali a garin Jalandhar ya ba su na jabu ne. Daga Janairu 2024 gwamnatin Kanada ta ƙayyade yawan izinin karatu, ta kuma ninka kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. A Nuwamba na shekarar ta taƙaita izinin aiki ga masu difloma, sai a wasu fannoni da ƙasar ke buƙata. Ostareliya ita ma ta ɗaga kuɗin bizar ɗalibi daga dalarta 710 zuwa 1,600 a Yuli 2024, zuwa 2,000 a Yuli 2025.

Jamus ta fita daban, domin akasarin jami'o'inta na gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, kuma tana ba wanda ya gama wata 18 ya nemi aiki. Indiyawa sun zama mafi yawan baƙin ɗalibai a ƙasar. Sai dai yawancin karatun digiri na farko da Jamusanci ake yi, kasuwar aikin ma harshen take nema, shi ya sa akasarin Indiyawan da ke can digiri na biyu suka je yi.

Sha'anin likitanci

Babu fannin da ya fi bayyana haɗarin da ke cikin wannan zaɓi kamar likitanci. A 2024 fiye da mutum miliyan 2.3 suka zauna jarrabawar shiga makarantun likitanci, gurabun kuwa ba su wuce 100,000 da 'yan kai ba, kuma wajen rabinsu na makarantu masu zaman kansu ne, inda karatun kan ci miliyoyin rupi har ya kai goma. Saboda haka dubban ɗalibai kan nufi Rasha da Jojiya da Kazakistan da Kirgistan da Filifin, inda kuɗin bai kai haka ba. Amma wanda ya karanto likitanci a irin waɗannan ƙasashe ba zai taɓa majinyaci a Indiya ba sai ya ci wata jarrabawar tantancewa da aka fara a 2002, kuma a mafi yawan zama waɗanda ke cin ta ba sa kai ɗaya cikin uku. A 2021 hukumar likitoci ta ƙasa ta ƙara sharuɗɗa: karatun ya kai wata 54, a yi shi da Ingilishi, a yi horon asibiti na shekara ɗaya a can, a kuma sake yin wani a gida. Da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a Fabrairu 2022, ɗaliban Indiya kimanin 18,000 ne a ƙasar, akasarinsu masu karatun likita. Gwamnati ta kwaso su, amma ba a ba su gurbi a makarantun gida ba. Abin da aka yarje musu shi ne su je wasu ƙasashen su ƙarasa.

Wanda ya komo gida

A zamanin Nehru wanda ya komo daga Ingila abin kallo ne. Yau kamfanonin Indiya sun san bambancin jami'o'in waje, kamar yadda suka san na gida. Mai takardar Harvard ko Okusfod ba ya rasa mai neman sa. Mai takardar wata kwalejin da ba a taɓa jin sunanta ba kuwa, ba shi da fifiko a kan ɗan gida, har ma yana da rashi ta fuska uku. Na farko, kasuwar ɗaukar ma'aikata ta cikin makaranta ta wuce shi, sai ya nema daga waje. Na biyu, ba shi da tsofaffin abokan karatu a kamfanonin ƙasar da za su yi masa hanya. Na uku, in aikin gwamnati ko ƙarin karatu yake so, sai an tantance takardarsa an tabbatar ta yi daidai da ta gida. Ga kuma bashi yana jiran sa. Irin wannan ne Hausawa ke nufi da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tafarkin da fitattu suka bi

Iyaye kan kafa hujja da Indiyawan da ke shugabancin manyan kamfanonin duniya. Yana da kyau a duba inda waɗannan suka yi digirinsu na farko. Sundar Pichai, wanda ya zama shugaban Google a 2015, a IIT ta Kharagpur ya yi, daga baya ya tafi Stanford. Satya Nadella, shugaban Microsoft tun 2014, a cibiyar fasaha ta Manipal ya yi kafin ya tafi Amurka. Arvind Krishna, wanda ya hau shugabancin IBM a 2020, ɗalibin IIT ta Kanpur ne. Indra Nooyi, wadda ta shugabanci PepsiCo daga 2006 zuwa 2018, ta yi karatu a Madaras da Kalkata kafin Yale. Ajay Banga kuwa, wanda ya shugabanci Mastercard ya kuma zama shugaban Bankin Duniya a 2023, duk karatunsa na gaba da sakandare a Delhi da Ahmadabad ya yi. A gida ma, Sachin Bansal da Binny Bansal, tsofaffin ɗaliban IIT ta Delhi, sun kafa Flipkart a 2007, Walmart ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a kan dala biliyan 16 a 2018.

Lalle waɗannan tsiraru ne, kuma masu fita daga cikinsu sun fita ne a zamanin da ƙofofi ba su tsuke kamar yanzu ba. Amma alƙaluma sun nuna jama'a ma tafarkin nan suke bi. A shekarar karatu ta 2023/24 ɗaliban Indiya a Amurka sun kai 331,602, suka zarce na Sin, amma masu digiri na farko a cikinsu kimanin 36,000 ne kawai. Sauran masu babban digiri ne ko masu aikin bayan karatu. Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa a 2023 ya bi sawun waɗanda suka fi cin jarrabawar shiga IIT ta 2010, ya tarar kashi 36 cikin ɗari na mutum 1,000 na farko sun bar ƙasar, a cikin mutum 100 na farko kuwa kashi 62. Watau digiri mai kyau na gida ba ya rufe hanyar waje. Hasali ma shi ne guzurin da ya fi araha, domin digiri na biyu shekara ɗaya ko biyu ne, ana kuma fi samun tallafi a cikinsa, mai shi ya tafi da hankalinsa ya nuna, in kuma ƙuri'a ta ƙi shi yana da takarda da jama'a a gida.

Ita ma iyakar da ke tsakanin gida da ƙetare ta fara dushewa. Bayan sabon tsarin ilmi na 2020, an ƙyale jami'o'in waje su buɗe rassa a Indiya. Deakin da Wollongong na Ostareliya sun buɗe a jihar Gujarat a 2024, Southampton ta Ingila ta buɗe a Gurugram kusa da Delhi a 2025. Waɗannan suna ba da takardar waje a farashi mai sauƙi, amma ba sa ba da izinin aiki a ƙasashensu, wanda shi ne ainihin abin da yawancin masu fita ke saye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ɗaliban Indiya sun kasu gida uku dangane da wannan zaɓi. Wanda ya samu gurbi a ɗaya daga cikin manyan makarantun gida, zamansa ya fi masa, domin kamfanoni za su iske shi a inda yake, hanyar waje kuma tana nan a buɗe in ya gama. Wanda iyayensa ke iya biya ba tare da bashi ba, ko ya samu sukolashif a fitacciyar jami'ar waje, tafiyarsa ba ta da babban haɗari, domin ko an hana shi zama takardarsa tana da kasuwa a ko'ina. Mai tsaka mai wuya shi ne na uku, wanda manyan makarantun gida suka ƙi, dillali kuma ya nuna masa wata ƙaramar kwaleji a ƙetare, aka jinginar da gona aka biya. Shi ne ya fi kowa yawa, shi ne kuma duk sauyin doka a Otawa ko Landan ko Washinton ke fara faɗa wa a ka. Kafin irin wannan ɗalibi ya sa hannu a takardar banki, ya kamata a gidansu a amsa tambaya guda: in an ce masa ya komo ranar da ya gama, da wane albashi za a biya bashin? In babu amsa, to kwalejin gida mai matsakaiciyar daraja, da himma, da niyyar fita a digiri na biyu, sun fi kusa da hankali. Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.